Riga Bai-bai: Tantanin Jar Ƙwayar Jini da Cutar Amosanin Jini



Duk wanda ya zauna a Fagge ko Sabon Gari, da wuya a ce bai san wani gida da ake jinyar mai amosanin jini ba, watau cutar nan da ake kira sikila. Alamunta sanannu ne. Yaro ya rame, idonsa ya yi ɗorawa kamar na mai shawara, idan hunturu ya kama ƙasusuwansa su dinga sara har ya kasa runtsawa, kuma kullum aka je asibiti sai a ce jininsa ya yi ƙasa. Cikin 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinta ba tare da ya yi ciwon ba. Cutar ba ta san ƙabila ba. Sabon Gari, wadda aka kafa wajen 1913 bayan zuwan jirgin ƙasa, ta tara Yarabawa da Ibo da mutanen Gana, Fagge kuwa tun zamanin fatake masaukin baƙi ce, amma irin kukan daren da ake yi a gidan Bahaushe shi ake yi a gidan maƙwabcinsa.

Abin da ake koya wa ɗalibai a makaranta shi ne, laifin yana cikin hemogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jar ƙwayar jini. Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna haka cikin 1949, sa'an nan Vernon Ingram ya gano a Kambirij cikin 1956 cewa a wuri ɗaya tak hemogulobin mai sikila ya saɓa da na mai lafiya. Idan ya saki iskar da ya ɗauko sai ya dunƙule ya zama zare-zare masu tauri, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Wannan bayani gaskiya ne, amma bai ƙare magana ba. Ya bar tambayoyi uku. Me ya sa jar ƙwayar mai lafiya take kwana 120 tana yawo, ta mai sikila kuwa daga kwana 10 zuwa 20 ta gama? Me ya sa jinin mai sikila yake saurin daskarewa a cikin jijiya? Me kuma ya sa ƙwayoyinsa suke manne wa bangon jijiya, har da waɗanda a lokacin ba su lanƙwashe ba? Wani babban sashe na amsar yana jikin rigar da ƙwayar take sanye da ita, da kuma wasu ma'aikata ƙanana da ke gyara mata zama dare da rana. Su ne batun wannan lacca.

Rigar ƙwaya

Kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana kewaye da wani tantani wanda kaurinsa bai wuce kashi 5 cikin miliyan na milimita ba. Akasarin kayan da aka gina shi da su wani irin maiƙo ne da ake kira fosfolifid, irin wanda ya yi yawa a gwaiduwar ƙwai. Ƙwayar fosfolifid tana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa. Tun da yake ruwa ne a cikin ƙwayar jini, ruwa ne kuma a wajenta, sai maiƙon ya jeru ninki biyu, jela ta fuskanci jela a tsakiya, kawuna kuwa wasu na duban waje wasu na duban ciki. Masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, su suka fara nuna haka cikin 1925. Sun tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka ga faɗinsa ya kai ninki biyu na faɗin jikin ƙwayoyin.

An daɗe ana zaton ninkin waje da na ciki duk abu guda ne. Ashe ba haka ba ne. Telolin Fagge sun san bambancin da ke tsakanin fuskar riga da shafinta: yadi dabam ake sa wa waje, dabam ake sa wa ciki, kuma ba a fita da riga bai-bai sai da dalili. Haka tantanin yake. Cikin 1972 Mark Bretscher, shi ma a Kambirij, ya kawo hujjar cewa fuskokin nan biyu sun bambanta, kuma shekara guda bayan haka masana a Jami'ar Utrecht suka auna rabon. Manyan nau'o'in fosfolifid huɗu ne a jar ƙwayar jini. Biyu daga ciki, fosfatidilkolin da sifingomayelin, kusan kashi uku cikin huɗu nasu a waje suke. Na uku, fosfatidiletanolamin, kashi huɗu cikin biyar nasa yana ciki. Na huɗun kuwa, fosfatidilserin, kusan ɗungurungum a ɓoye yake a ciki. Don sauƙin magana za a riƙa kiransa serin kawai, ko da yake a wurin masana wannan sunan kansa ne kaɗai. Shi ne shafin rigar, kuma ya bambanta da sauran ukun da abu guda mai muhimmanci, watau yana ɗauke da cajin lantarki irin wanda ake kira nagatif.

Wannan tsari ba ya zama da kansa. Ƙwayar maiƙo tana zirga-zirga cikin ninkinta ba tsayawa, amma tsallakawa daga wannan ninki zuwa wancan yana yi mata wuya, domin tilas kanta mai son ruwa ya ratsa ta tsakiyar mai. Takan ɗauki sa'o'i, wani lokaci kwanaki, kafin ta yi wannan alkafura. Duk da haka, a cikin kwana 120 da an bar abin haka nan da ninkin biyu sun gauraye. Bretscher ya yi hasashen lalle akwai wani enzayim da ke mai da abin da ya ɓulle waje, ya raɗa masa suna filifes, watau majuyi. Sai cikin 1984 Michel Seigneuret da Philippe Devaux suka kama shi yana aiki, a birnin Faris. Sun sa wa serin alama suka ɗora shi a fuskar waje ta jar ƙwaya, suka ga cikin 'yan mintoci ya koma ciki. Da suka hana ƙwayar makamashinta, watau sinadarin ATP da take samu daga ƙona sukari, sai aikin ya tsaya. An tabbatar ke nan cewa ƙwaya tana kashe guzurinta kullum domin ta ɓoye wannan maiƙo guda.

Yanzu an san jikin ɗan Adam yana da irin waɗannan majuya guda 14, dangi ɗaya da famfon da ke tura gishiri ta tantani. An gane dangin nasu cikin 1996, kuma cikin 2019 aka ɗauki hoton siffarsu da madubin lantarki. Majuyin da ke riƙe da jar ƙwayar jini sunansa ATP11C. A nan akwai abin lura: jar ƙwayar jini tana zubar da cibiyarta kafin ta bar ɓargo, sabili da haka ba ta iya ƙera sabon furotin. Majuyan da ta fito da su daga ɓargo da su za ta ƙare rayuwarta, idan ɗaya ya lalace babu madadinsa.

Majuyi yana da kishiya. Akwai wani enzayim da za a iya kira magauri, domin shi idan ya buɗe sai maiƙo ya yi ta wucewa ta kowane gefe ba zaɓe, ba ya kuma bukatar makamashi. A ƙwaya mai lafiya a rufe yake. Abin da ke buɗe shi shi ne shigowar sinadarin kalsiyam cikin ƙwayar, kuma wannan kalsiyam ɗin shi ne yake tsai da majuyi. Mabuɗi ɗaya ne ke buɗe ƙofar ɓarna ya kuma sallami mai gyara.

Amfanin juya riga

Mai sauraro zai iya tambaya, don me jiki zai ajiye abin da ke rushe tsarin da ya sha wahalar ginawa? Dalili kuwa shi ne, fitowar serin waje saƙo ne, kuma jiki yana karanta shi ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce tsai da jini. Idan mutum ya yanke, ƙananan ƙwayoyin nan da ake kira filatilet sukan taru a bakin raunin, kalsiyam ya shige su, su juya rigarsu cikin ƙiftawar ido. Sinadaran daskarar da jini da ke yawo a sake sai su sami dandalin da za su haɗu, domin kalsiyam yana ɗaure su a kan cajin serin, aikinsu ya ƙaru ninkin-ba-ninkin. Akwai wani ciwo da ba a cika samu ba, ciwon Scott, wanda aka fara bayyanawa a Amurka cikin 1979. Mai shi filatilet ɗinsa ba sa iya fito da serin, saboda haka jini yakan yi masa wuyar tsayawa bayan tiyata ko haihuwa. Ta binciken wannan ciwo ne ya tabbata cikin 2010 cewa furotin mai suna TMEM16F shi ne magaurin, bisa aikin Shigekazu Nagata da mutanensa a Japan.

Hanya ta biyu ita ce sallama. Ƙwayar da ta tsufa ko ta lalace takan fito da serin waje, manyan fararen ƙwayoyi masu haɗiye datti, waɗanda suka cika saifa da hanta, su gan shi su haɗiye ta ba tare da tashin hankali ba. Valerie Fadok da abokan aikinta suka nuna haka cikin 1992. Jiki yana ƙera jajayen ƙwayoyi sama da miliyan biyu kowace daƙiƙa, yana kuma kawar da kwatankwacinsu, kuma wannan alama tana cikin abubuwan da masu sharar suke dubawa.

Abin da ke faruwa ga mai sikila

To, yanzu sai a koma gidan nan na Fagge. Duk sa'ad da jar ƙwayar mai sikila ta saki oksijin, zaren hemogulobin yakan tokare tantaninta daga ciki, kamar sanda a cikin buhu. Tantanin ya miƙe, ƙofofin da ke jikinsa su buɗe, kalsiyam ya shiga. Da ƙwayar ta koma huhu ta sami iska sai ta warware, amma a kowane zagaye abin yana maimaituwa, zagayen kuwa bai fi minti guda ba. Kalsiyam ɗin nan yana yin ɓarna uku a lokaci guda. Yana buɗe wata ƙofa da fotasiyam ke fita ta cikinta, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta bushe, bushewar kuma ta ƙara wa hemogulobin saurin dunƙulewa. Yana buɗe magauri. Yana kuma danne majuyi. Bayan wannan, hemogulobin mai sikila ba shi da ƙarko, yana sakin ƙarfen da ke cikinsa a jikin tantani, wannan kuwa yana cin furotin kamar yadda tsatsa ke cin kwano, majuyi kuma yana cikin masu saurin lalacewa ta wannan hanya. Har ila yau tsinin laujen yakan ɓalle ya zama 'yan ƙananan ƙunshi masu yawo cikin jini da serin a bayansu.

Cikin 1981 Bertram Lubin da Danny Chiu a Kalifoniya, tare da masanan Utrecht, suka nuna cewa tsarin maiƙon ƙwayar da ta lanƙwashe ya rikice, kuma irin waɗannan ƙwayoyi suna gaggauta daskarewar jini a cikin kwalbar gwaji. Cikin 1996 aka sami hanyar ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya, ta yin amfani da wani furotin mai suna aneksin da ke kama serin kaɗai. Aka ga a jinin mai lafiya da ƙyar ake samun ƙwaya mai serin a waje, a jinin mai sikila kuwa akan sami 'yan kashi cikin ɗari, kuma adadin yana hawa yana sauka daga mutum zuwa mutum. Kada a raina 'yan kashin nan. Jajayen ƙwayoyin babban mutum sun kai tiriliyan 25, ko kashi 1 cikin 100 nasu taro ne mai yawan gaske.

Akwai wani labari da ya ƙara fito da lamarin fili. Cikin 2016 masana a Japan suka ba da rahoton wani mutum da aka haifa da naƙasa a majuyinsa na ATP11C, har aikin juyawar ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin goma. Da an zaci zai sha mummunar wahala, amma ƙarancin jininsa mai sauƙi ne, kuma ƙwayoyi kaɗan ne suka fito da serin, galibi tsofaffi. Dalili kuwa, magaurinsa yana rufe, babu abin da ke fitowa da yawa balle a rasa mai mai da shi. Masifar mai sikila ita ce abin ya haɗe masa biyu.

Da wannan, tambayoyi ukun nan sun sami hanya. Ƙwayar da ta fito da serin tana kiran masu shara tun kafin lokacinta, wannan yana cikin dalilan gajartar kwananta da ƙarancin jini da ɗorawar ido, domin launin shawara daga rusasshen hemogulobin yake fitowa. Ita ce kuma ta zama dandalin daskarar da jini a inda babu rauni. Sa'an nan serin yana taimaka mata ta manne wa bangon jijiya, ta tare hanya, masu lanƙwasa su taru a bayanta. Wani abin da ke ƙara dagula al'amari shi ne saifa. Ita ce babbar matata, amma ga mafi yawan yara masu SS takan lalace tun suna ƙanana saboda yawan toshewa, sai ƙwayoyin da ya kamata a tsame su ci gaba da yawo.

Wajibi ne a yi adalci a nan. Ba serin kaɗai ke haddasa ciwon ƙashi ko shanyewar ɓarin jiki ba. Fararen ƙwayoyi da bangon jijiyar kansa da hemogulobin da ya zube cikin jini duk suna da hannu, kuma masana ba su daina gardama a kan rabon kowanne ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, cutar ta fara daga cikin ƙwayar amma ta bayan rigarta take taɓa sauran jiki.

Zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tsananta a Kano da damina, yana bi ta wannan ƙofa shi ma. Ƙwayar da cutar ta shiga takan fito da serin, kuma jiki yakan hallaka ƙwayoyi masu yawa waɗanda cutar ba ta ma shiga ba, shi ya sa jinin yaro yake zubewa fiye da yadda yawan ƙwayoyin cutar zai nuna. An sami hujjar cewa garkuwar jiki takan ƙera makamin da ke kama serin a lokacin zazzaɓin, ya ƙara wa wannan ɓarna ƙarfi. Yaron da ƙwayoyinsa ba sa wuce kwana 20, ba shi da rarar da zai biya wannan haraji na biyu.

Ba a jini kaɗai majuya suke aiki ba. Naƙasar wani daga cikinsu, ATP8B1, tana kawo ciwon hanta na gado da ke hana ruwan maɗaciya sauka, yaro ya yi ta shawara da ƙaiƙayi. An gano haka cikin 1998. Naƙasar ATP8A2 tana taɓa ƙwaƙwalwa da tafiya. Ƙwayar cutar lishmaniya kuwa, mai kawo baƙin zazzaɓi a Sudan da Indiya, ta majuyinta maganin miltefosin yake shiga cikinta, kuma idan majuyin ya lalace sai maganin ya daina kama ta.

Abin da ke hannu

Har yanzu babu wani magani a kanti da ke gyara majuyin jar ƙwaya kai tsaye. Amma wannan ilmi ya ba da dalilin abubuwan da likitoci suka daɗe suna faɗa wa iyaye, waɗanda wasu ke ɗauka kamar maganar fatar baka. Yawan shan ruwa, musamman da bazara, da rufe jiki da hunturu, da gidan sauro, da gaggauta maganin zazzaɓi, duk manufarsu guda ce, watau rage yawan lanƙwashewar ƙwaya. Idan lanƙwasa ta ragu kalsiyam ya rage shiga, majuyi ya sami sararin aikinsa.

Maganin haidiroksiyuriya ma ta nan yake taimakawa. Yana sa ɓargo ya koma ƙera irin hemogulobin na jarirai, wanda ba ya shiga cikin zaren nan, kuma an lura cewa ƙwayoyin da ke da shi da yawa ba su cika fito da serin ba. Kano tana da abin faɗa a wannan fage. Inda ba a ɗauki mataki ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS yakan sami shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. A ƙasashe masu wadata akan auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na'ura, wanda aka ga yana cikin haɗari a riƙa ƙara masa jini kowane wata, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje da ma'ajiyar jini a nan. Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada haidiroksiyuriya a kan yara 220 masu wannan haɗari. Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci da Michael DeBaun suna cikin jagororin aikin. Sakamakon da aka buga cikin 2022 ya nuna cewa ƙaramin awo, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, bai gaza miligiram 20 ba wajen kare shanyewar jiki, ko da yake masu shan babban awon sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Cikin 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin irin jini. Dokar tana duban yaran da ba a haifa ba. Waɗanda aka riga aka haifa kuwa, a Fagge da Sabon Gari da sauran unguwanni, bukatarsu ita ce a gane su tun suna jarirai, a auna jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16, kuma maganin ya kasance na ƙwarai, a kusa, a kan kuɗin da ɗan dako a Kantin Kwari zai iya biya kowane wata. Wannan sashe na aikin yana kan teburin masu tsara kasafin ma'aikatar lafiya da na ƙananan hukumomi.